Saɓanin Injuna da Ladabin Mai Rubuta Umarni

A shekarar 1986, Jon Bentley, wanda yake da shafi na musamman a mujallar masana kwamfuta ta Amurka mai suna Communications of the ACM, ya roƙi Donald Knuth, shaihin malamin nan na Jami'ar Stanford, da ya nuna wa masu karatu sabuwar hanyarsa ta rubuta shirin kwamfuta haɗe da sharhinsa, ya kuwa ba shi wata mas'ala mai sauƙin faɗi domin gwaji, watau a karanta wani rubutu, a ƙidaya kalmomin da ke cikinsa, sa'an nan a jero waɗanda suka fi yawan maimaituwa, daga mafi yawa zuwa na ƙasa da shi. Knuth ya zauna ya tsara shiri mai shafuka da dama, kowace gaɓa da bayaninta, kowane bayani da hujjarsa. Da aka miƙa aikin ga Douglas McIlroy na ɗakin binciken Bell Labs domin ya yi ta'aliki, sai ya yaba fasahar da ke ciki gwargwadon yadda ta cancanta, daga nan ya ajiye tasa amsar a gefe, wadda duk tsawonta bai wuce umarni shida ba, an jona bakin wannan da kunnen wancan ta hanyar abin da ake kira bututu, dabarar da shi McIlroy ɗin ya daɗe yana kira a yi kafin Ken Thompson ya shigar da ita cikin tsarin gudanar da kwamfuta mai suna Unix a 1973.

Tsarin amsar ba wuya. Umarnin `tr` na farko yana mai da duk abin da ba harafi ba ya zama ƙarshen layi, har kowace kalma ta tsaya a layinta ita kaɗai. Umarnin `tr` na biyu yana mai da manyan baƙaƙe ƙanana. Sai `sort` ya jera kalmomin domin masu kama da juna su haɗu wuri guda. Sai `uniq` ya ƙidaya kowane gungu. Sai `sort` ya sake jerawa bisa yawan adadi. Sa'an nan `sed` ya yanke jerin a inda aka ce ya tsaya.

Har yau malaman wannan fanni suna kawo ƙissar domin nuna falalar ƙananan kayan aiki masu haɗuwa da juna, kuma sun yi gaskiya. Amma akwai wani gefe na al'amarin da ba a cika tsayawa a kansa ba, shi ne kuwa ya sa na ɗauki alƙalami. Shirin Knuth, duk da tsawonsa, yana ɗauke da galibin kayan aikinsa a cikin cikinsa, alhali kuwa umarnin nan shida ba su mallaki kome ba face sunaye, suna kira ne kawai, duk wanda ya amsa sunan a injin da aka kai su shi zai yi aikin, da ɗabi'arsa da al'adar gidan da ya tashi. Sha'anin kamar na mudu ne: sunansa ɗaya a kowace kasuwa, amma wanda ya auni gero a Dawanau ya je ya sake aunawa a wata kasuwar ƙauye ya san suna ɗaya ba ya lamunce awo ɗaya. Saboda haka wanda ya rubuta ɗan gajeren rubutun umarni a injinsa, ya ga yana aiki lafiya, bai tabbatar da kome ba tukuna illa cewa zatonsa ya yi daidai da injin nan guda. Gyara rubutun domin ya jure ƙaura kuwa ba kome ba ne face tono waɗannan zace-zace ɗaya bayan ɗaya, a kawar da wanda za a iya kawarwa, a bayyana wanda ba makawa daga gare shi.

Asalin saɓanin tarihi ne. An fara Unix a Bell Labs a 1969, shirin shel na Stephen Bourne, watau mai karɓar umarnin da aka buga yana kiran waɗanda za su zartar, ya fito tare da bugu na bakwai a 1979, daga nan kuma zuriyar ta rabu: Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta raini nata reshe mai suna BSD, kamfanin AT&T ya ci gaba da nasa mai suna System V, Richard Stallman kuma ya yi shelar aikin GNU a 1983 da niyyar sake rubuta kayan duka daga tushe, ya zamana kowa yana da izinin kwafa da gyarawa. Mutanen GNU ba su tsaya ga kwaikwayo ba, sun yi ƙari mai yawa, galibinsa mai amfani, har Brian Fox ya fito da shel ɗinsu mai suna bash a 1989. Da saɓani ya yawaita sai aka nemi a yi ijma'i, aka rubuta ƙa'idar POSIX, kashin farko a 1988, kashin da ya shafi shel da kayan aikinsa a 1992. To, ita wannan ƙa'ida ba ta kashe mazhabobin ba, iyaka ta tsayar da abin da duka suka yi ittifaƙi a kansa, inda kuwa suka kasa daidaitawa sai ta faɗa a sarari cewa hukuncin wurin ba a ƙayyade shi ba. Mai son rubutunsa ya yi tafiya lalle ya san waɗannan wurare fiye da yadda ya san sauran nassin.

Farkon abin dubawa shi ne layin farko. Wanda ya rubuta `#!/bin/sh` a kan rubutunsa ya ɗauki alkawari ne cewa ba zai yi magana ba sai da harshen da kowane shel yake ji, ko ya sani ko bai sani ba. Shekaru da yawa ana saɓa wannan alkawari ba tare da an gane ba, domin a galibin injunan Linux na wancan lokaci sunan `sh` yana komawa ne ga bash, shi kuwa bash mai haƙuri ne, yana karɓar ƙarinsa ko da an kira shi da sunan wani. Asiri ya tonu a watan Oktoba na 2006, sa'ad da Ubuntu a bugunta na 6.10 ta mai da `sh` ya zama dash, wani ƙaramin shel mai sauri wanda ya samo asali daga na Kenneth Almquist, domin a rage lokacin da injin yake ɗauka kafin ya tashi. Debian ma ta bi sahu a bugunta na 2011. Rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa suka karye a lokacin, aka yi ta ƙorafi, amma in an bi haƙƙin magana laifin ba na dash ba ne, na waɗanda suka yi alkawari ne suka saɓa. Abubuwan da suka jawo karyewar sanannu ne: gwaji da baka biyu, `[[` maimakon `[`; alamar daidaito biyu, `==`, inda ƙa'ida ta ce guda; kalmar `source` maimakon ɗigo; jerin ƙimomi a cikin suna ɗaya, wanda shel na ƙa'ida bai san shi ba sam.

Ba kuwa a nan kaɗai ba. Kwamfutocin Apple suna zuwa da bash, amma tsohon bugu na 3.2, domin kamfanin bai yarda da sharuɗɗan lasisin da aka ɗora wa bugunan da suka biyo baya ba, tun 2019 ma zsh ya ɗora wa masu amfani a matsayin shel na yau da kullum. Alpine, wadda ake yawan gina ƙananan sabobi da ita, ba ta zuwa da bash ko kaɗan, BusyBox ne yake amsa sunan `sh` da `sed` da `awk` da sauransu duka, shi kaɗai. FreeBSD, in an girka bash, tana ajiye shi a wani wuri dabam da inda Linux take ajiyewa. Wayoyin Android kuma nasu shel ɗin mksh ne.

Umarnin `echo`, wanda kowane ɗalibi yake fara koyo a ranar farko, shi ne mafi yaudara a cikinsu, domin tun zamanin rabuwar BSD da System V ba a taɓa daidaitawa a kan yadda zai yi da `-n` ko da karkatacciyar sanda ba: na bash yana barin `\n` yadda ya gan shi, na dash yana mai da shi sabon layi, `sh` na Apple kuwa yana buga `-n` ɗin a allo kamar wata kalma. Magani ɗaya ne, a bar shi ga saƙonni tsayayyu marasa alama, duk inda za a fitar da abin da ya zo daga waje a yi amfani da `printf '%s\n'`, a kuma rufe kowane suna mai ɗauke da ƙima cikin alamar zance biyu, don kada sunan fayil mai sarari a tsakiya ya rabu gida biyu.

Daga shel sai kayan aikin da yake kira. Mafi shaharar tarko a nan shi ne `sed -i`, mai gyara fayil a inda yake: na GNU yana karɓarsa haka nan, na BSD da Apple kuwa yana jiran a ba shi ɗafin sunan da zai ajiye tsohon kwafi da shi, saboda haka sai ya ɗauki umarnin gyaran a matsayin ɗafin, ya ɗauki sunan fayil a matsayin umarni, ya dawo da ƙorafin da ba mai fahimtarsa. Hanyar da ba ta da gardama ita ce a rubuta sakamakon a fayil na wucin gadi, in aikin ya kammala lafiya a mayar da shi gurbin na asali da `mv`, a kuma ɗana `trap` domin ya share na wucin gadin in an katse aikin a tsakiya. Haka `grep -P` na GNU ne, `grep -E` shi ne na kowa; `date -d` da `stat -c` ba sa aiki a galibin BSD yadda suke yi a GNU; `wc -l` na BSD yana sa sarari gaban adadin da ya bayar, wanda ya isa ya ɓata gwajin da ya ɗauki adadin a matsayin rubutu; faɗin gurbin da `uniq -c` yake bari ma ba ɗaya ba ne, don haka kada a yanki sakamakonsa da ƙidayar gurabe, a bar wa `awk` ya raba filaye. Shi kansa `tr` na amsar McIlroy bai tsira ba, domin in jerin na biyu ya gaza na farko tsawo, BSD tana cike giɓin da harafin ƙarshe, System V ta dā kuwa ba ta yi, shi ya sa ƙa'ida ta tanadi siffar `[\n*]` ga mai son ya fita daga saɓani.

Duk waɗannan, in an lura, masu sauƙi ne, domin galibinsu suna yin kururuwa sa'ad da suka karye. Wanda ya fi haɗari shi ne kuskuren da yake wucewa shiru, ya ba da sakamako mai kama da gaskiya, wannan kuwa ya fi aukuwa ne a sha'anin haruffa, inda mai rubutun boko na Hausa yake da ruwa da tsaki.

Kayan Unix na farko an gina su ne bisa zaton cewa harafi ɗaya bayit ɗaya ne, kuma haruffan duniya su ne ashirin da shida na Turanci. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, wadda a cikinta haruffan Turanci suka ci gaba da zama bayit guda, sauran kuwa suka ɗauki biyu zuwa huɗu. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kowanne bayit biyu ne. To, a ba amsar McIlroy rubutun Hausa yadda take, sai ta ɗauki ƙ a matsayin abin da ba harafi ba, ta mai da ƙasa ta koma asa, ta raba haɗari gida biyu, ha da ari, ta yanka jama'a da sana'a a kan hamzarsu, ta kuma kawo ƙidaya a tsare tsaf ba tare da ta ce uffan ba.

Mai gyara zai ce to, bari in ƙara baƙaƙen da hannuna, ya rubuta `tr 'ƘƊƁ' 'ƙɗɓ'` domin mai da manya ƙanana. A kwamfutar Apple wannan yana aiki, domin `tr` nata yana gane haruffa masu bayit da yawa matuƙar saitin harshen injin na UTF-8 ne. A Linux kuwa `tr` na GNU bayit yake gani, ba harafi ba, abin da zai faru kuma ya cancanci a bi shi daki-daki. Babban Ƙ lambobinsa C6 da 98 ne, ƙaramin ƙ kuwa C6 da 99. Babban Ɗ yana farawa da C6, amma ƙaramin ɗ da C9 yake farawa. Haka Ɓ da ɓ. Ke nan an ba `tr` umarni uku masu karo da juna a kan bayit ɗin C6, na farko ya ce a bar shi, na biyu da na uku suka ce a mai da shi C9, shi kuwa hukuncinsa a irin wannan hali shi ne ya bi na ƙarshe. Sakamakon haka kowane ƙ da ke cikin rubutun, babba da ƙarami, har wanda ba a nufe shi da gyara ba, zai koma C9 da 99, watau harafin ə, wanda babu shi a Hausa. Umarni guda, ba a sauya masa ko ɗigo ba, ya gyara rubutu a wannan injin, ya lalata shi a wancan.

Haka `awk` yake. Wanda Debian take girkawa tun farko, mawk, in an tambaye shi tsawon kalmar ƙasa zai ce biyar. Gawk na GNU zai ce huɗu, amma fa in saitin harshen ya dace. Shi kuwa na asali, wanda Brian Kernighan yake ɗaya daga cikin mutum uku da suka ƙirƙira a 1977, bai sami fahimtar UTF-8 ba sai a bugun da ya fito tare da sabon ɗab'in littafinsu a 2023.

A ganina mafita a nan ba ta neman kayan aiki mafi wayo ba ce, ta rage dogaro ga wayonsu ce. Umarnin musanya na `sed`, irin `s/Ƙ/ƙ/g`, yana neman jerin bayit ne a jere ya maye gurbinsa da wani jerin, kuma saboda hikimar da aka gina UTF-8 a kanta, bayit ɗin tsakiyar wani harafi ba ya taɓa kama da farkon wani, don haka musanya huɗu, ɗaya ga kowane baƙi, za su yi aiki daidai ko injin ya san Hausa ko bai sani ba. Wajen raba kalmomi kuma, maimakon a lissafa abin da yake harafi, wanda ba shi da iyaka, sai a lissafa abin da yake rabawa, watau sarari da aya da waƙafi da alamar tambaya da 'yan'uwansu, waɗanda duka bayit guda ne. Hamza ita ce mai wuyar sha'ani, domin wani yana buga ta miƙaƙƙiya, manhajar buga rubutu tana lanƙwasa ta da kanta, kuma lanƙwasasshiyar ita ce dai alamar rufe zance a wasu littattafai. Sai an fara mai da su siffa ɗaya kafin a yi ƙidaya. Akwai kuma abin da ba injin da zai yanke wa mutum: Nijeriya tana rubuta 'ya'ya, Nijar tana rubuta ƴaƴa, ko za a ƙidaya su kalma ɗaya ko biyu hukuncin mai aikin ne, wajibi ne kuma ya rubuta hukuncin nan a cikin rubutun, inda na bayansa zai gani.

Saura jerawa. Umarnin `sort` yana bin saitin harshen wanda ya kira shi, saitin nan kuwa yana sauyawa ko a injin guda: mutum yana zaune gaban allo da saitinsa na UTF-8, amma in `cron`, mai tayar da ayyuka a lokacin da aka tsara, shi ne ya tayar da rubutun da tsakar dare, sau da yawa ba ya gadar wannan saiti, har jerin wuraren da ake neman umarni ma taƙaitacce yake samu. Ko bugu ya sauya, jeri yana iya sauyawa, kamar yadda ya faru a 2018 sa'ad da bugu na 2.28 na laburaren GNU mai suna glibc ya sabunta ƙa'idojin jera haruffa, har masu rumbunan bayanai na PostgreSQL suka wajabtu da sake gina fihirisansu. Don haka ne masana suke sa `LC_ALL=C` a farkon rubutu, su tilasta wa kowa ya jera bisa lambar bayit, wadda ba ta da saɓani. Domin tara kalmomi masu kama da juna kafin ƙidaya, wannan ya wadatar. Amma jerin da mutum zai karanta ba zai gamsu da shi ba, domin baƙaƙe masu lanƙwasa duka za su koma bayan z, ƙ ma ta riga ɓ. Akwai wata 'yar hila mai kyau: kafin jerawa a mai da ɓ ta zama `b~`, ɗ ta zama `d~`, ƙ ta zama `k~`, da yake lambar wannan alama tana bayan ta z, sai kalmomin ɓ su sauka bayan na b duka kuma gaban na c, bayan an jera a mayar da su yadda suke. Sharaɗinta kawai kada alamar ta kasance cikin rubutun tun asali.

Sai kuma ƙarshen layi. Rubutun da aka buga a Windows yana ƙare kowane layi da bayit biyu, na farkon ba ya ganuwa a allo amma yana manne da kalmar ƙarshe. Umarnin `tr -d '\r'` yana kawar da shi a ko'ina. Fayil ɗin da layinsa na ƙarshe bai rufe ba kuwa, madaukin `read` yakan tsallake wannan layin.

Sai dai kuma kowane abu yana da haddi, wuce gona da iri a nan ma aibi ne. Wanda ya karanta babin da littafin jagorar Autoconf ya keɓe wa wannan fanni zai ga dabarun da aka ƙirƙira domin injunan da yau sai a gidan tarihi, zai kuma ga yadda Solaris ta riƙe tsohon shel na Bourne a matsayin `sh` har bugunta na 10, ta ɓoye mai bin ƙa'ida a wani lungu. Ba wajibi ba ne ɗan rubutu mai layi ashirin ya ɗauki wannan nauyi duka, har ya koma abin da mai shi ma ba ya iya karantawa bayan wata shida. Ita ƙa'idar ma tana tafiya: bugun 2024 ya karɓi `sed -E` da `pipefail` da `readlink`, waɗanda jiya ake ƙirga su cikin ƙari, ko da yake karɓar ƙa'ida dabam, isowar abin ga injin da ke gabanka dabam. In aikin yana bukatar bash da gaske, babu laifi, a rubuta `#!/usr/bin/env bash` a sama a huta. In yana bukatar gawk, a bincika da `command -v` tun a layukan farko, in babu shi rubutun ya tsaya ya faɗi abin da ya rasa. Abin zargi shi ne a bukaci abu a ɓoye bukatar.

Gwaji kuwa ba ya cin kuɗi. ShellCheck, wanda Vidar Holen ya rubuta, yana karanta rubutun ya nuna wuraren da aka saɓa wa alkawarin layin farko, haka ma checkbashisms na mutanen Debian. Bayan su sai a gudanar da rubutun a ƙarƙashin dash, a sake a ƙarƙashin BusyBox, a roƙi mai kwamfutar Apple ya gwada, sau ɗaya da saitin UTF-8, sau ɗaya da na C, a gwama sakamakon da `cmp`. Amma waɗancan masu binciken nahawun umarni suke dubawa, ba su san irin rubutun da za a zuba a bututun ba, saboda haka fayil ɗin gwajin sai mutum ya haɗa shi da hannunsa: ya sa Ƙ babba a farkon jimla da ƙ ƙarama a tsakiyar kalma, ya sa 'ya'ya da ƴaƴa, hamza miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya, layi guda da ya fito daga Windows, sa'an nan ya bar layin ƙarshe a buɗe.